Ƙaton Da Na Tura Gayya

Shekarun baya can, lokacin da ake tare ruwan Bakolori, ni ma na bi samarin da suka jefar da hauya suka kama leburanci. Hular kwano, takalmin roba, albashi ƙarshen wata. Wallahi in na shigo ƙauyenmu na wajen Faru, tafiya nake kamar ni kaɗai na gina madatsar.

Gayya ce ke riƙe da garinmu. Damina in ta kankama, yau a taru a nome gonar wane, jibi ta wane, mai gona ya ba da hura da tuwo. Mahaifina ke raba ranakun, shekara da shekaru ba wanda ya taɓa tsallake maganarsa. Ƙa'idar guda ce: kowane gida ya kawo ɗan gida. Da ƙafar Baba ta kumbura, abin ya faɗo kaina.

Ana gobe gayyar amininsa, wani tsoho maƙwabcinmu, Baba ya ce min, "Kai za ka tahi a madadina." Na ce to, Baba. Gari na wayewa na ga ba zan bar aikin albashi saboda ƙwaryar hura ba. Na samo wani ƙato cikin baƙin da aiki ya kawo Mafara, na sallame shi, na tura shi gonar. Har ina yaba wayona, ai ya fi ni ƙwanji.

Da la'asar tsohon ya zo wajen Baba. Suka gaisa doguwar gaisuwa, sannan ya ce, "Malam, na ga saƙo, na gode. Amma ni ba ƙarhi na roƙa ba. Huskar gidanka nika son gani."

Mahaifina ya sunkuyar da kai.

To, sauran samari me za su jira? Ɗan mai raba rana ma ya yi! Da gayyar gidanmu ta zo, mahaifiyata ta kwana biyu tana daka. Muka kai Baba gindin kirya ya zauna yana jiran mutanensa. Sai ga baƙi, kowane gida ya turo nasa ƙaton. Ba kiɗa, ba tsiya irin ta 'yan gari, sai ƙarar hauya. Kafin azahar sun gama, tas. Ɗaya yana suɗe ludayi ya dubi mahaifina ya ce, "Tsoho, wai gonar nan ta wa ce?"

Daga ranar bai sake raba rana ba, ba wanda kuma ya ɗauka. Damina biyu, gayya ta mutu a garin.

Yau in an zauna ana cewa madatsa ce ta raba kan mutane, nakan gyaɗa kai, don ta yi nata. Amma raina ɗaci yake, na san wanda ya fara. Abin da aka gina tun kakanni, safiya guda na rushe shi da wayon banza.

Har Allah ya karɓi ran Baba bai taɓa yi min faɗa a kai ba. Da ma ya yi.