Ranar da Anka Wuce Alhaji Bawa

Har in koma ga Allah ba ni mancewa da ranar da na je Sabon Birni gyaran motocin wasa, na iske wayoyi lafiya lau amma aiki ya ƙi. To, ku yi dariyarku, ni ma na yi tawa. Lokacin ina babban ma'aikaci a wani shagon sola a Isa. Daga mai shago sai ni, sannan masu ɗaura faranti bisa rufi, sannan masu koyo irinku, waɗanda ba su raba wayar wuta da igiyar shanya.

Shekarar fari ce. Ruwa ya sauka da wuri, kowa ya yi shuka, gero ya kai gwiwa, sai sama ta ɗauke ɗif. Daga Isa har Burkusuma ganye ya naɗe. Makiyaya na kai shanu kasuwa ƙashi da fata, samari sun fara tafiya ci-rani tun damina ba ta fita ba. Mu ma aiki ya tsaya, don mai tunanin tiyar gero ba ya zancen sola. Ana cikin haka mai shago ya kira ni, ya ce wani ɗan kasuwa mai suna Sanusi ya sayo wa babansa motocin tsere na lantarki a gwanjon Maraɗi, sun ƙi tashi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, motocin wasa? Ni?"

Ya ce, "Kai fa. Da wuta suke aiki, ko ba wuta ka koya ba? Hau babur."

Na hau ina ƙunƙuni har Sabon Birni. Sanusi ya tare ni a ƙofar gida, kuma kafin mu shiga zaure ya gaya min abin da ya kashe min ƙunƙunin. Babansa, Alhaji Bawa, tsohon direba ne na hanyar Maraɗi, kuma da wuya ka sami direba a tashar garin da bai fara da wanke masa mota ba. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi ta dama. Ƙafa ta ɗan dawo, hannu kuwa ya dunƙule. Likita ya ce lallai ya riƙa matsa wani abu da hannun kullum, in ba haka ba yatsun za su sandare, kuma in sun sandare shi ke nan. An ba shi ƙwallon roba, ya jefa wa awaki, ya ce shi ba jariri ba ne.

Sanusi ya ce, "Injiniya, wanga abu tuƙi ne, shi ya sa na ɗauko. In ya ƙi shi, ban san mi za ni yi ba kuma."

Bari in yi muku bayanin abin, don na san ba ku taɓa gani ba. Titi ne na roba da ake harhaɗawa gaɓa-gaɓa har ya zagayo. Yana da layi biyu, kowane layi da tsaga a tsakiya, da siririn ƙarfe a kowane gefen tsagar. Ta ƙarfen nan wuta ke bi. Motar ba ta fi tafin hannu ba. A ƙarƙashinta akwai ɗan harshe da ke shiga tsagar, da gashin tagulla guda biyu da ke shafar ƙarfen suna ɗibar wuta. Kowane ɗan tsere na riƙe da rimot mai kunama irin ta bindiga. In ka ɗan taɓa kunamar mota ta yi rarrafe, in ka matse ta har ƙarshe ta tashi kamar an kore ta. Irin na zamani ne, kowace mota da 'yar ƙwaƙwalwarta a ciki, don haka motoci da yawa na iya bin layi ɗaya, kowace tana jin rimot ɗinta. In kana son wuce na gabanka, akwai madanni a bayan rimot. Sai ka danna shi daidai mararraba, wani ɗan ƙarfe ya karkata, motarka ta koma ɗaya layin.

A zuwan farko matsalar ta gaske ce, kuma ba ta ba ni wahala ba. Sanusi ya jona abin da ƙaramin janareta mai hawa da sauka, motocin na ta ruɗewa, sai na mayar da shi kan batir da inbata. Sannan ya haɗa motocin da rimot alhali duk suna kan titi, sai dukansu sunka ɗauki lamba ɗaya, ka matsa rimot guda su zabura gaba ɗaya. Ƙa'ida ita ce mota ɗaya kan titi, ka danna madannin akwatin da ke ba titi wuta, ka matsa kunama, fitilarta ta ƙifta, ka ɗauke ta ka sa ta gaba. Na goge ƙarfen titi da busasshen ƙyalle, na baje gashin tagullar da farce, na yi gargaɗi kada wani bakanike ya ce zai sa wa titi baƙin mai. Alhaji na zaune bisa kujera yana hararata, rimot a hannun dama bisa gwiwa. Da jar motar da na ba shi ta motsa sai na ga gemunsa ya yi rawa. Na koma Isa ina jin ni wani ne.

Ba a daɗe ba Sanusi ya sake bugo waya, murya a sanyaye. Ya ce Baba ya ajiye rimot, ya ce abin ya lalace, ko zauren ya daina fitowa. Wannan komawar ita ce ranar da nake ba ku labari.

Na isa da hantsi, na iske zaure cike. Da yake fari ya kashe lodi da fasinja, direbobin tasha nan suke wuni. Babbansu Ɗanjumma, mutum mai furfura a gemu, wanda Alhaji ya ɗauko tun yana yaron mota. Anka lallaso Alhaji ya fito, ya zauna yana kallon bango. Na durƙusa na gaishe shi, na tambayi abin da ya lalace.

Ya ce, "Motocinsu ba su canza layi. Ko rarrafe nike, suna bayana jere kamar tumaki. Gyara masu, ko ka kwashe tarkacenka."

Na sa mita, wuta daidai. Na ɗauki motocin ɗaya bayan ɗaya, na danna madanni a mararraba, kowace ta canza layi tsaf. Na ce ko hasken rana ne ke shigowa ta ƙofa yana makantar da ɗan idon da ke gane mota a mararrabar, don yana yin haka, na sa anka saki labule. Na ce a yi tsere in gani. Alhaji ya ɗan taɓa kunama, jar mota na tafiyar amarya, sauran na biye da ita ba mai wucewa.

Sai na yi abin da nake koya muku kullum, wato musanya. In ba ka san inda ciwo yake ba, ka sauya kaya ka ga wa ciwon zai bi. In ya bi mota, mota ce. In ya bi rimot, rimot ne. Na karɓe jar motar na ba Alhaji wata shuɗiya da tayarta ta cinye, wadda ta fi kowace nawa. Ya sake zama na gaba. Na sauya masa rimot, ba abin da ya canza. Kai! Ciwon bai bi mota ba, bai bi rimot ba, Alhaji yake bi. Na daina kallon titi na koma kallon hannuwa. Wallahi babu wanda babban yatsansa ya ko kusanci madannin.

Na ja Ɗanjumma waje, na ce, "Don Allah mi ya hana ka wuce shi?"

Ya dube ni kamar na zagi uwarsa. Ya ce, "Injiniya, Maigida ne ya ɗora ni bisa sitiyari. Ko a hanyar Maraɗi ban taɓa wuce shi ba. In na riske shi sai in bi bayanai har tasha, haka munka gada. Sai yau, cikin zaurenai, hannunai shanye? Allah shi kiyaye!"

Na ce, "To ka sani, muddin ba ku wuce shi ba, ba ya da dalilin matse kunamar. Taɓa ta kawai yake. Hannun da kuke tausayi, ku ke kashe shi."

Idon Ɗanjumma ya kawo ruwa, amma ya girgiza kai. Ya ce ya ji, sai dai yatsansa ba ya iyawa. Kada ku ce ai da na yi da kaina. Na riƙe rimot ɗin, na zo mararraba, ni ma na kasa. Mutumin sa'an mahaifina ne, kuma yana kallo na.

Ina tsaye ƙofar gida ina sosa ƙeya sai na tuna Lasisi, Bayaraben bakanike da ke gyara mana babur ɗin shago in mun zo garin. Yana Sabon Birni tun ba a haife ni ba, Hausarsa ta fi tawa. Kun san wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarbawa, kowa na cewa ɗayan bawansa ne, kuma ba mai fushi. Na same shi a gareji ba aiki, yana korar ƙuda. Na gaya masa abin da ake ciki. Ya ce sau ɗaya ya je duba Alhaji tun da ciwon ya same shi, ya tarar da shi kwance, ya buɗe baki zai tsokane shi maganar ta maƙale, ya fito yana kuka bai sake komawa ba.

Na ce, "Baba Lasisi, yau tsokanar nike so. Ita ce maganin."

Ya goge hannu a riga ya hau bayana. Tun daga bakin zaure ya ɗaga murya: "Ina bawana Bagobiri? An ce ka zama sarkin tsere, ashe cikin ɗaki kake cin gasarka!"

Alhaji ya juyo a hankali, ya ce, "Wa ya bar Bayarabe ya shigo min gida da warin baƙin mai?"

"Ubangidanka ne ya zo. Ba ni abin nan in koya maka tuƙi."

Na nuna wa Lasisi kunama da madanni, na jera motoci biyu kan layi ɗaya, jar ta Alhaji a gaba. Zagayen farko ma bai cika ba, Lasisi ya danna, ya fice ta gefe fiu, har da yin ƙarar odar mota da baki. Ɗanjumma ya dafe kai. Lasisi ya zagayo ya sake wuce shi, yana cewa, "A kauce wa masu mota! Wanga amalanke na wane ne?"

Na ga jijiyar wuyan Alhaji ta tashi. Ya ja rimot ya danne shi bisa gwiwa, gumi na bin tsagen fuskarsa. Jar mota ta ƙara wuta, ta ƙara, ta kamo ta Lasisi a miƙaƙƙen layi, sai ga kwana. Ba ta sha kwanar ba. Ta yi tsalle ta bar titi, ta faɗa cikin kwanon furar Ɗanjumma.

Kowa ya daskare, ni kuwa tsikar jikina ce ta tashi. Na san abin nan ciki da waje: motar ba ta barin titi a wannan kwana sai an matse kunama har ƙarshe. Na dubi hannun Alhaji, ga yatsan a lanƙwashe, ya kai ƙarshen. Na nuna wa Sanusi da ido. Ya duba, ya tashi ya fita da sauri yana rufe fuska da hula.

Alhaji ya fashe da dariya har da tari. Ya ce, "Ɗanjumma, tsamo ta ka goge! Kuma kai, ni na koya maka wucewa ko ban koya maka ba? In ka sake bin bayana, ka koma wankin mota."

Ɗanjumma na dariya yana share hawaye, ya ce, "Na ji, Maigida." Ni na wanke gashin tagullar da ya sha fura, na busar da shi a rana. Kafin azahar Ɗanjumma ya wuce Alhaji, ya ce a yi masa gafara, Alhaji ya ce ba a neman gafara a kan titi.

Ruwa bai dawo ba a shekarar, rumbuna da yawa sun kwana wayam. Hannun Alhaji ma bai koma yadda yake da ba, ba za ni yi muku ƙarya ba, amma ya koma cin tuwo da shi. Da kaka na bi ta garin na leƙa gaishe shi. Ya tambaye ni mi na gano ya lalace ran nan. Na ce gaskiya ba komai a waya.

Ya ce, "Na sani tun ranar farko. Na tsufa ina kallon madubi, na san motar da ta kasa wucewa, na san wadda ta ƙi. Amma ya za ni ce ma yarana su daina ganin girmana? Sai na ce waya ce, anka kira ka."

Don haka ku masu koyo, in an kira ku gyara, ku auna wuta, ku yi musanya, ku bi ƙa'ida. In mita ta ce lafiya amma mai gida ya nace ba lafiya, kada ku ce tsufa ne ko rigima. Ku ɗaga kai ku dubi mutanen da ke ɗakin, don wani lokaci abin da bakinsa ba ya iya faɗi ne ya ɗora wa waya.

Da na tashi tafiya na miƙa hannu biyu ga hagunsa, yadda na saba. Ya janye hagun, ya miƙo min dama. Ya kama hannuna ya matse, yana kallo na yana murmushi, bai sake ni ba sai da na ce wayyo.