Ranar da Na Kasa Kau da Kai Gaban Surukata

Ɗazu wani ɗan kabu-kabu ya faɗi a ƙofar gidanmu, jama'a suka rufa masa za su ciccibe shi. Na daka musu tsawa, na ce kowa ya taɓa wuyan nan sandata na jiransa.

Ni ma an yi da ni. Zamanin Nasara, ina sabon ango, na faɗo daga bisa rumbu. Wuya ya ƙage, hannuna ɗaya ya yi sanyi. Kawuna har ya naɗe hannun riga zai ja mini wuya, sai Allah ya kawo likitan Dogon Dutsi, yana zagayen lamba, wato rigakafin agana.

Ya ce in motsa yatsun ƙafa, suka motsa. Ya sa aka kwantar da ni bisa ƙyaure, aka tokare kaina da buhunan rairayi biyu, ya ɗaure goshina da rawanin Kawu.

Sai ga surukata, wadda ko a hanya na hango sai in faɗa gona. Ta tsaya daidai kaina.

Na ce, "Likita, surukata ce fa! Bari in kau da kai."

Ya ce, "Rufe ido. Ka juya wuyan nan, ita za ta riƙa ba ka fura a baki har ka mutu."

Na runtse ido gam. Ina ji tana ce wa mata, "Yau dai na ga fuskar wanda ya ɗauke mini ɗiya. Ashe ba wani kyau."

Kunyar ranar har yau ba ta sake ni ba, amma da ƙafafuna nake yawo da ita. Ku da wanne za ku zaɓa, wuya ko kunya?