Garzali da Raƙuman Tadeo

A Funtua Garzali Mai Fenti ake ce masa, domin shekara goma sha ɗaya ya yi yana zane a bayan manyan motoci: zaki, ɗawisu, masallaci mai koriyar hasumiya, duk abin da direba ya ce yana so. Da masu motoci suka koma liƙa sitika, sana'ar ta mutu a hannunsa. Ya ajiye buroshi, ya bi wani ejan zuwa Doha a 2019. Kamfanin tsaro ya ba shi inifom da takalmi mai nauyi, aka kai shi gadin wani ƙaramin gidan baje zane-zane a unguwar Al Mirqab.

Zane ashirin da uku ne a gidan, duk na mutum ɗaya, wani ɗan ƙasar Sifaniya mai suna Tadeo Arruga, wanda ya mutu tun kakan Garzali yana ƙarami. Tarihinsa kuwa Garzali ya haddace shi, don kullum yana jin sa a bakin matar da ke zagayawa da baƙi. Ɗan masunci ne. Yana saurayi ya tsallaka teku zuwa Maroko, ya bi ayarin fatake shekara uku, har ciwon ido ya koro shi gida. Bai ƙara taka rairayi ba, amma ya shafe shekara arba'in yana zana hamada da fentin mai, daga abin da ya rage masa a ka.

Da korona ta shigo aka rufe gidan, aka sallami kowa sai mai gadi. Wata huɗu Garzali ya yi shi kaɗai daga safe zuwa magariba, takunkumi a fuska, ba abin da ke motsi sai na'urar sanyaya ɗaki. A nan ya fara matsawa kusa da zanen har hancinsa ya kusa taɓa su. Ya ga rairayin ba launi ɗaya ba ne, akwai shuɗi da ja a ɓoye ƙarƙashin kowane tudu. Ya sara wa Tadeo, don ya san wahalar fito da haske.

Amma ya ga wasu abubuwan da suka tsaya masa a rai. An ɗaure wa raƙumi kaya ta yadda ba zai yi taku goma ba sai sun zube. Sannan a zane tara akwai baƙin mutum, ko riƙe da akala ko ɗauke da tire, kuma ko sau ɗaya Tadeo bai yi masa fuska ba. Dokin attajiri har gashin idonsa an fitar, shi kuwa baƙin dunƙulen fenti ne kawai da farin rawani.

Ya ba Osman labari. Osman direba ne ɗan zangon Kumasi, suna kwana ɗaki ɗaya a wani tsohon gini a unguwar Bin Mahmud.

"Mutum ya mutu tuntuni, kai kuma kana faɗa da shi?" in ji Osman.

"Shi ya mutu, aikinsa yana nan. Ni ke gadinsa."

Da shaguna suka buɗe, Garzali ya sayi fentin mai kala biyar da buroshi biyu. Bai taɓa aiki da irinsa ba. Na mota ya sani, mai bushewa nan take. Wannan sai ya kwana huɗu yana danƙo. Ya ɓata kwalaye da yawa kafin hannunsa ya faɗa. Fuskar Osman ya fara zanawa, har da tabon da ke gefen girarsa. Osman ya ɗauki hoton zanen ya tura wa matarsa, ta ce an ƙara masa kyau.

Sai ga gasar cin kofin duniya. Gari ya cika, tutoci ko'ina, jirgin ƙasa ba masaka tsinke. Mako ɗaya kafin a fara, manajan gidan ya kira Garzali ofis. A kan tebur akwai farin rawani, da jar ɗamara, da tire mai ƙananan kofunan gahawa.

"Za ka sa waɗannan ka tsaya gefen babban zanen," in ji manaja. "Baƙi su ɗauki hoto da kai, kamar ka fito daga ciki. Yalla, maza gwada mu gani."

Garzali ya dubi kayan, ya dubi manajan.

"Yallaɓai, gadi aka ɗauko ni. Ba zan sa ba."

"Kaya ne kawai. Awa uku a rana."

"Na san wanda kake so in zama. Wata huɗu muka yi da shi mu biyu a gidan nan. Ba zan sa ba."

Manaja ya ce zai kira kamfani, kuma kafil, mai riƙe da izinin zamansa a ƙasar, ba ya son mai taurin kai. Garzali ya ce lambar tana manne a bango. Ya fito, ya koma bakin ƙofa ya tsaya cikin inifom ɗinsa. Ya tuna matarsa Zalihatu da 'ya'yansa biyu a Funtua, ya ji tsoro ƙwarai. Duk da haka bai koma ofishin ba.

Kamfani ba shi da wanda zai maye gurbinsa a wannan tsakanin, don duk masu gadi an kwashe su filayen wasa. Aka bar shi. Ran nan wasu magoya bayan Sifaniya su bakwai suka shigo da jajayen riguna, mai zagayawa da baƙi kuma ta fita cin abinci. Wani dattijo a cikinsu ya tambayi Garzali ko ya san wani abu game da zanen. Garzali ya zagaya da su da ɗan Turancinsa. Ya ba su labarin ɗan masunci da ciwon ido. Ya nuna musu shuɗin da ke ƙarƙashin tudu, ya ce ba kowa ne zai iya wannan ba. Sannan ya kai su gaban mai riƙe da akala.

"Wannan shi ya san hanya da inda rijiya take," in ji shi. "Ba don shi ba, mutuminku bai koma gida ba. Ku duba yadda ya saka masa."

Dattijon ya cire tabarau, ya matsa, ya daɗe yana kallo. Bai yi musu ba. Da za su fita ya miƙa wa Garzali hannu. Manaja yana tsaye a bakin ofis, ya ji komai.

Kwana biyu bayan wasan ƙarshe takardar canjin wurin aiki ta zo. Aka mayar da Garzali gadin wani filin ajiye motoci kusa da filin jirgin sama, a rumfar kwano, ba sanyi sai fanka.

"Khalas, shi ke nan, ka huta?" in ji Osman. "Ka bar inuwa ka koma rana."

"Na koma," in ji Garzali. "Juma'a kana da aiki?"

Ran Juma'a bayan masallaci Osman ya ari mota ya fitar da shi bayan gari. Karo na farko ke nan da Garzali ya ga hamada da idonsa bayan shekara uku a ƙasar. Fara ce fat, mai tsakuwa, ga turakun lantarki sun ratsa ta, ga wani Basudane makiyayi zaune a inuwar tankin ruwa yana waya da gida. Garzali ya yi masa sallama, ya nemi izinin zana shi. Mutumin ya ce sunansa Sabo a bakin Hausawan garinsu, kuma in dai za a zana shi, a bari ya gyara rawaninsa tukuna. Suka jira shi. Iska ta yi ta watsa ƙura a kan ɗanyen fentin, Garzali ya bar ta a ciki, ya ci gaba da aiki har la'asar.