Kaskon Gulsambar a Bayan Jif ɗin Zarmast

A kwarin Rizgol, cikin duwatsun Citiral, ba a tambayar ƙarfe nawa da safe. Idan jif ɗin Zarmast Khan ta yi ham sau biyu a bakin gada, mai zuwa asibiti ya ɗauki bargonsa, mai aika wasiƙa ya rugo. Jif goma sha ɗaya ne a layin tasha, kuma shekara talatin da ɗaya Zarmast yana riƙe da lamba ta farko. Na farko shi ke ƙetare rafi kafin rana ta narkar da ƙanƙara ruwa ya taso, shi ke ɗaukar jakar gidan waya, a gefensa kuma dattawa ke zama. Na ƙarshe kuwa sau da yawa wuni yake yana goge gilashi, babu wanda ya ce masa sannu.

Mahaifin Zarmast mai alfadarai ne, gishiri yake haurowa da shi daga ƙasan dutse. Ɗan ya yi shekara tara yana tuƙa motar soja, ya dawo gida da gashin baki mai lanƙwasa da wata koriyar jif da ya saya a gwanjo, wadda tun a lokacin ta ga duniya. Ya sa mata suna Malika. Kowace Juma'a sai ya wanke injinta, ya goge fitilunta da gefen rawaninsa, ya saurari bugunta kamar likita. Sai dai Zarmast mutum ne mai duban gaba. Abin da ke bayan kujerarsa bai taɓa shiga lissafinsa ba. A bayan nan kuwa ake jibge buhunan gishirin da mutanen kwarin ke zubawa a shayi, a nan kuma awaki ke tsayawa, ita akuya kuwa ba ta jira a tsaya kafin ta biya bukatarta. Gishiri da fitsarin awaki da ruwan ƙanƙara suka haɗa kai, tsatsa ta samu gida.

Ramin farko da ya ɓulla a ƙasan motar, Zarmast ya toshe shi da tsumma da ƙaro, ya shafe da fenti. Da ramuka suka yi yawa sai ya shimfiɗa darduma. Wata rana kaza ta shiga motar a Rizgol, ba a gan ta a gari ba. Wata rana kuma malamin makaranta ya sauka da takalmi ƙafa ɗaya, ya yi ƙorafi, Zarmast ya dube shi da mutunci ya ce, "Malam, ka tabbata da biyu ka shigo? Ni dai ban ƙirga ba."

Direbobin tashar suna da al'ada, tun shekarar da wani ango ya sauka ta ƙasan mota kafin a isa gidan surukansa. Juma'ar farko bayan ƙanƙara ta saki hanya, wanda ya fi kowa nauyi a kwarin zai hau bayan kowace jif ya yi tsalle sau uku. Wadda ta ɗauke shi ta tsaya a gurbinta. Wadda ta ɓurma ta koma ƙarshen layi. Shekaru da dama wani tsohon limami ne ke yin tsallen, mutum mai tausayi, wanda tsallensa bai wuce ɗaga dunduniya ba. Da ya tsufa ƙwarai sai aikin ya koma hannun Mirza Dost mahauci, wanda mijin 'yarsa ne ke da lamba ta biyu.

Saura kwana biyar a yi tsallen, Zarmast da Mirza suka haɗu a shagon shayi.

"Zarmast Lal," in ji Mirza (Lal shi ne yaya a harshensu), yana tsoma gurasa a kofi, "na ji an ce Malika ta buɗe tagogi a ƙasa, don fasinja su riƙa kallon hanya."

"Malika ta ɗauki bijimi biyu a bara, ba ta ce uffan ba."

"Bijimi ba ya tsalle, Lal. Ni kuwa duk hunturun nan kitse nake ci dominka."

Zarmast ya ƙarasa shayinsa a natse, don kada a ce ya ji tsoro, sannan ya zarce wurin Ustad Nadir mai walda. Ustad ya ɗaga darduma, ya leƙa, ya ga ƙasar garejinsa da kuma kyanwarsa tana kwance tana kallonsa.

"Lal, mota ka kawo mini ko rariya?"

"'Yan ramuka ne. Ka ɗan ɗiga musu wuta."

Ustad ya ɗauki ƙaramar guduma ya ƙwanƙwasa. Ƙarfen ya zubo kamar busasshiyar gurasa. "Wuta ba ta kama tsatsa," ya ce. "Sai na yanke duk ruɓaɓɓen nan har na tarar da farin ƙarfe, sannan na ɗora sabo. Ƙashin motar lafiya lau yake, ka gode wa Allah. Amma me zan ɗora? Mashigar dutse a rufe take, babu babbar motar da za ta hauro da farantin ƙarfe sai bayan mako uku. Duk wani duro da ke kwarin nan abokanka sun riga ka. Har allon da ke cewa a rage gudu yana ƙarƙashin jif ta bakwai. Ka samo mini ƙarfe mai kauri, faɗin kamu biyu, gobe ka ga aiki."

A duk Rizgol ƙarfe ɗaya ne mai wannan siffa, kuma Zarmast ya san inda yake, domin a ɗakin ajiyar gidansa yake jingine. Kaskon gurasar matarsa Gulsambar ne, wanda ta zo da shi daga gidan ubanta a bayan alfadari, baƙi wuluk, kaurin yatsa, tsakiyarsa ta ɗan taso. Ba na girkin yau da kullum ba ne. Idan biki ya tashi, sai Gulsambar ta rataye shi a bishiyar ƙofar gida ta buga sau biyu, mata su taru da gari. Idan rasuwa ce, sau uku take bugawa, domin ba a hura wuta a gidan makoki sai bayan kwana uku, maƙwabta ne ke ciyar da su. Babu macen da ba ta san muryar kaskon nan ba.

Gulsambar tana ƙauyen sama wurin 'yarsu Shahzarin da ta haihu. Zarmast ya yi shawara da kansa, ya ga cewa aro ne ba sata ba, tunda miji ba ya sata a gidansa. Bayan azahar ya naɗe kaskon a bargo ya ɗora a mota. Maƙwabciya ta leƙo ta tambayi wanda ba shi da lafiya, ya ce mata wani ne mai nauyin jiki.

Ustad ya ga kaya, ya ja da baya. "Lal, ni ina da 'ya'ya."

"Ka yi aikinka, ni zan yi magana da ita."

"Kai? Yaushe ka fara?"

Duk da haka ya yi aikin, kuma ya yi shi da kyau. Ya yanke ruɓaɓɓen ƙarfe, ya kankare gefuna da burushin waya har suka yi fari, ya daidaita kaskon, ya fara ɗinke shi da wuta kaɗan-kaɗan, nan da can, don kada zafi ya murɗe shi. Da wuta ta taɓa man shekara arba'in da ya shige jikin ƙarfen, sai garejin ya game da ƙanshin gurasar biki. Karnuka uku suka zo suka zauna a ƙofa. Wani makaho da ke wucewa ya tsaya ya yi wa amarya addu'a. Ustad ya shafe ƙasan da baƙin mai, ya shafe saman da koren fenti, ya ce a rayuwarsa bai taɓa yin aikin da ya sa shi yunwa irin wannan ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci maza suka cika tasha. Mirza Dost ya iso sanye da takalman soja masu ƙusa a ƙasa. Ya sa aka janye darduma, ya ga sabon fenti, fuskarsa ta ɗan sauya. Ya hau, ya tattara rigarsa, ya tashi sama iyakar abin da Allah ya hore masa, ya dira.

Ƙarar ta fita, mai zurfi, mai tsawo, ta bugi dutsen gabas ta dawo. Ya sake. Ya kuma sake. A na ukun ƙusoshin suka zame a kan tudun tsakiya, Mirza ya miƙe rigingine a bayan motar, numfashinsa ya tafi yawo. Ƙarfe kuwa ko gezau. Zarmast ya murɗa gashin bakinsa na dama, yana shirin murɗa na hagu, sai aka jiyo kuka daga cikin gari.

Mata ne ke gangarowa, kowacce da kwanon gari a ka. A gabansu Gulsambar, wadda da safiyar nan ta dawo, ta ji muryar kaskonta sau uku, ta ruga ɗakin ajiya ta tarar da bango kawai. Suka iso suka ga Mirza a miƙe a bayan mota, maza sun kewaye shi. Matarsa ta jefar da kwano ta faɗa kansa tana kururuwa: "Wayyo Baban Zarina! Na ce ka rage kitse, ka ƙi ji!"

Mirza ya samu numfashi ya ce, "Ke, ban mutu ba."

Ta ɗago ta dube shi. "To don me aka sa na jiƙa gari?"

Gulsambar ba ta yi kuka ba. Ta zagaya bayan motar, ta kankare fenti da farce, ta ga baƙin da ta sani. Mirza ya tashi zaune, dabara ta zo masa: ya ce ƙarfen ba na mai mota ba ne, idan mai shi ta karɓi abinta rami ya dawo, Malika ta koma ta goma sha ɗaya. Ustad, wanda tsoro ya kama, ya ce cikin sa'a guda zai iya ɓamɓare shi. Zarmast ya tsaya riƙe da hularsa. Shekara talatin da ɗaya suna rataye a bakin matarsa.

"Baban Shahzarin," ta ce, "da ubana ya ba ni kaskon nan, ka san abin da ya ce?"

"Ban manta ba."

"Ka manta. Cewa ya yi kada ya ƙi zuwa gidan kowa, mai kuɗi ko talaka. Tunda ka yi masa ƙafafu, sai ya riƙa zuwa da kansa. Duk biki, duk rasuwa, motar nan za ta kwashi mata da gari da itace, ba a biyan ko sisi. Kujerar gaba tawa ce. Kuma akuya ba za ta sake taka abin da na gasa gurasa a kai ba."

"Awaki su ne rabin aikina, Gulsambar."

"Ustad, kunna wutarka."

"Na yarda," in ji Zarmast, kafin Ustad ya motsa.

Haka Malika ta tsaya a lamba ta farko. Da mashigar dutse ta buɗe Zarmast ya sayo sabon kasko, marar kauri, mai ƙona gefen gurasa ya bar tsakiya ɗanya, kuma babu bikin da za a yi ba a tuna masa da wannan ba. Awaki suka koma jif ta biyu, wadda cikin shekara uku ita ma aka ga an shimfiɗa mata darduma. Mirza Dost ya ci gaba da tsalle duk shekara, amma ba takalmi, kuma sai an aika gida-gida an gaya wa mata tukuna.

Zarmast yanzu ya haura saba'in, har yau shi ke fara ƙetare rafi. Ranar Juma'a idan ya gama da inji yakan zagaya baya, ya ɗaga darduma, ya durƙusa ya shafe ƙarfen da tsumma. Ya so ya riƙa amfani da baƙin mai, Gulsambar ta ce kaskonta bai san shi ba. Da man girki yake shafawa, ita kuma tana tsaye tana nuna masa inda ya tsallake.