Oba-oba Biyu Don Kogin Gaya

Ana sallame sallar asuba muka bar Bobigny, ni da wani maƙwabcina ɗan Maraɗi wanda ba shi da aiki ranar Asabar, ya ce gara ya bi ni Lyon da ya wuni yana kallon bango. Gari da sanyi, ga yayyafi irin na Faransa wanda ba ya jiƙa mutum kuma ba ya barin shi ya bushe. A metiro duk masu aikin safe ne, masu shara da masu gadi, kowa ya sunkuyar da kai yana rama barci. Muka sauka Gare de Lyon, muka nuna biye, wato tikiti, muka shiga jirgin ƙasa mai sauri.

Abin da ya tayar da ni kuwa saƙon yayana ne. Yaya yana da kwale-kwale mai inji a Gaya, yana ɗaukar mutane da kaya zuwa kasuwannin bakin kogi. Daminar bara injinsa ya mutu a tsakiyar ruwa ana iska, jirgi cike da mata da buhunan hatsi. Ya ɗauko salula, babu rezo, wato sabis, ko layi ɗaya. Haka ruwa ya yi ta jan su har Allah ya sa suka maƙale a cikin ciyawa. Babu wanda ya rasu, amma tun daga ranar nan mahaifiyarmu, Inna, ba ta sa komai a bakinta ranar kasuwa sai ta ga ya dawo. Damina kuma ta sake gabatowa. Shi ne ya ce mini, kai da kake ƙasar Turawa, ka nemo mini abin nan da masu jiragen ruwa suke magana da shi. Yana nufin rediyon hannu na ruwa, irin oba-oba, wanda a nan ake kira VHF.

Na fara dubawa a Paris tun makon da ya wuce. Mai kanti ya yi ta zuba bayani kamar ana korar shi, ya nuna mini wani mai jan maɓalli a ƙarƙashin murfi, ya ce idan ka danna yana aika kiran neman ceto tare da inda kake. Kuɗinsa ya haura euro ɗari uku. Gaskiya raina ya biya, don ni dama mutum ne mai son abu mai maɓallai da yawa. Abin da ya hana ni saye nan take shi ne wani abokina ɗan Chadi da ke Vénissieux ya ce akwai kantin kayan ruwa a Lyon da ya fi sauƙin kuɗi, kuma wani Alhaji maƙwabcinsa zai tashi zuwa Yamai, zai iya tafiya da saƙon.

Jirgin ƙasan nan ba ya ba ka damar ganin ƙasa, sai dai ka ga ta wuce. Gonaki kore shar, ƙauyuka kowane da cocinsa a tsakiya, sai fararen shanu masu ƙiba waɗanda babu makiyayi a bayansu. Maƙwabcina ya daɗe yana kallon su, ya ce waɗannan ba su san ana tafiya neman ruwa ba. Na je sayen kafe a taragon abinci, aka ba ni wani ɗan kofi da ba zai cika bakin yaro ba, a kuɗin da zai ciyar da mutum a Gaya har da ragi. Na shanye hakanan, don ni na kai kaina.

Kafin hantsi ya yi zafi mun iso Lyon. Gari ne da ya fi Paris sarari, mutanensa ba sa gudu a kan titi kamar an sace musu wani abu. Muka bi metiro har ƙarshen layi, muka hau tiram zuwa Minguettes, unguwar dogayen benaye inda abokina yake. Ya tare mu da gaisuwa irin ta mutanen Chadi, Hausa rabi Larabci rabi, ya tambayi gida da aiki da sanyi, ya koma ya sake tambayar gida. Matarsa ta kawo kisra, wata waina mai faɗi marar kauri irin tasu, da miyar kuɓewa busasshiya, sannan shayi mai sukari kamar za a yi alawa da shi. Alhajin da zai tafi Yamai ya leƙo, dattijo ne mai fara'a, ya ce zai ɗauki saƙo da hannu biyu in dai bai fi takalmi nauyi ba, domin jakunkunansa sun riga sun cika da turare da magungunan mutane.

Kantin yana kusa da kogin Saône, ƙarami ne, yana warin igiya da roba. Wata mata ce a ciki, ta manyanta, fuskarta duk rana ta ƙona. Ba ta yi mana dogon turanci ba. Ta ɗauko rediyo ɗaya ta jefa a bokitin ruwa da ke gefen teburinta. Ni har na ce "kai!" da ƙarfi. Abin ya nutse ya taso, yana yawo a saman ruwa, wata 'yar fitila tana walƙiya a jikinsa. Ta ce akwai wanda ruwa ba ya shiga amma yana nutsewa, irin wancan kuwa ba shi da amfani ga wanda hannunsa yake jiƙe kullum. Ta tambaya ko akwai wuta a inda za a yi aiki da shi. Na ce akwai, in ta ga dama. Sai ta nuna mini wanda bayan batirinsa na caji yana da gidan pil na kanti, irin na tocila. Ta kuma gaya mini kada in yarda da nisan da ake rubutawa a kwali, na hannu 'yan kilomita ne kawai a kan ruwa, idan kogi ya yi kwana ko itatuwa sun tare, ya ragu.

Na bar ta ta gama, sannan na nuna mai jan maɓallin nan da raina yake kai. Ta tambaye ni a wane ruwa ne. Na ce kogin Kwara, can Nijar. Ta ce maɓallin yana aika kira ne ga ofisoshin ceto da jiragen da suke da irin na'urar, a nan akwai masu zama dare da rana suna saurare. Sai ta ce, "A can wa yake saurare?"

Ni kuwa ban taɓa tunanin haka ba. Ta kunna wani rediyon a bakin ƙofa don mu ji sautinsa. Wani matuƙin jirgin kaya yana kiran mai buɗe wa jirage ƙofar madatsar ruwa a ƙasan gari, kafin ya rufe baki an amsa masa. A Gaya kuwa ko Yaya ya danna maɓalli har yatsansa ya yi ciwo, babu kunnen da zai ji. Na ce mata za mu je mu ci abinci mu dawo.

A Guillotière muka zauna, unguwa ce ta Larabawa da 'yan Afirka, kamar Belleville amma ba cunkoso sosai. Muka ci kuskus da naman rago, bai kai na Paris tsada ba kuma an cika kwano. A nan na yanke shawara ina jin kaina mai dabara: kuɗin mai jan maɓalli ɗaya zai sayi marasa ado guda biyu, masu tasowa a ruwa. Ɗaya na Yaya, ɗaya a ajiye wa Inna a gida, ta riƙa jin muryarsa hankalinta ya kwanta.

Maƙwabcina yana gwaguyar ƙashi, bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "To idan ya kira ta daga tsakiyar ruwa, ita jirgi gare ta? Ka ba tsohuwa abin da za ta ji ɗanta yana ihu, ba ta iya yi masa komai?"

Na ajiye cokali. Na ga Inna zaune a tabarma da abin a hannunta, na ji tsoron abin da na kusa aikawa gida. Wanda ya kamata ya riƙe na biyun shi ne wanda yake da inji, yake bin hanya ɗaya da Yaya a ranakun kasuwa, yake kusa da zai iya juyowa. A Gaya kuwa mutum ɗaya na sani haka: Hamidu, ɗan baffanmu. Shi da Yaya sun yi shekaru ba sa ko gaisawa, tun rigimar da suka yi kan wurin ɗaure jirgi da kakanmu ya bari. Suna wuce juna a kogi kowa yana kallon ɗaya gefen.

Na fita bakin titi na kira Yaya. Muka gaisa a gajarce saboda kuɗin waya, na bayyana masa komai.

Ya ce, "Hamidu? Kai ma ka san ba zai yiwu ba. Ka kawo ɗaya kawai."

Na ce, "Yaya, ɗaya ba ya magana shi kaɗai. In ba Hamidu ba, ka faɗa mini wa zai zo."

 Sai ya ce ana jiran shi a bakin ruwa, ya kashe.

Na koma kanti na sayi biyun. Matar ta saita su a tasha ɗaya wadda jirage suke magana da juna, ta nuna mini yadda ake kulle maɓallai don kada hannu ya goce, ta ce a tambayi hukuma a can game da izinin riƙe su kafin a fara aiki. Na ƙara da igiyar ratayawa a wuya. Muka kai wa Alhaji, ya auna kwalin a tafin hannunsa ya ce ya ɗan fi takalmi, amma ba komai. Na ce duka biyun a ba Yaya a hannunsa, sauran kuma ba aikina ba ne.

Da yamma muka kamo hanya. Maƙwabcina ya yi barci tun kafin mu fita gari, ni kuwa ina kallon shanun nan suna wucewa ta ɗaya tagar. Muka iso Bobigny ana kiran magariba a wayoyin mutane, yayyafin da muka bari yana nan yana jiran mu.

Ga masu tambaya ta abin da za su duba in za su sayi irin wannan rediyo: ya taso in ya faɗa ruwa, ya karɓi pil, kada nisan da ke jikin kwali ya ruɗe ku. Amma kafin duk wannan ku san wanda zai amsa, ku kuma tabbata yana da abin da zai zo da shi. Ni na tafi Lyon neman na'ura, na dawo da sanin cewa a kogin garinmu babu wani ofishin ceto sai ɗan'uwanka da kake gaba da shi.

Washegari da safe ina shirin fita waya ta yi ƙara. Yaya ne. Bai tayar da maganar jiya ba, ya tambayi hanya, ya tambayi sanyi. Har za mu yi sallama sai ya ce, "Lambobin da ke fuskar abin nan manya ne?"

Na ce ba laifi, ana ganin su.

Ya ce, "To madalla. Don idon Hamidu ya fara rauni, na lura bara ma da ƙyar yake gane mashigar kasuwa."