Kwalaben da Suka Dawo Fes

Innata ba ta zubar da komai. Ruwan wanki ma sai ta goge ƙasan kicin da shi kafin ta bari ya tafi. Ɓawon ƙwai ta daka ta zuba wa shukokinta na cikin gwangwani, ganyen shayin da aka sha ta shanya, leda ta wanke ta jera a igiya kamar kayan jariri. Muna yara, ni da yayana, kunya take kamar ta kashe mu in baƙo ya leƙa kicin ɗinmu. Yaya yakan ce ranar da ya tsufa, Inna yayyanka shi za ta yi ta samu tsumman goge tukunya.

Shekara talatin ta yi tana shara da goge-goge a wani ofis, kuma har ta bar aiki ban ga alamar akwai wanda ya san sunanta a can ba. Amma a gidan benen da muke haya, mai ƙofa goma sha huɗu ban da tamu, kowa ya san Inna mai kyandir. Duk shekara tana bin maƙwabta tana karɓar guntayen kyandir ɗin da suka rage. In hutun ƙarshen shekara ya matso, sai ta zuba su a gwangwanin madara, ta tsayar da shi cikin tukunyar ruwan zafi su narke, ta jefa guntun kalar zanen yara don launi, da ɗan ɓawon lemo don ƙamshi. Daga nan ta tsiyaya a ƙananan kwalabe masu faɗin baki. Lagwanin, wato zaren da ke kama wuta, da yatsu biyu take riƙe shi a tsakiyar kwalba har kakin ya daskare. Wasu ɗaure shi suke yi a jikin tsinke su gitta a baki. Inna ta ce wannan aikin malalata ne.

Ranar farko ta hutu takan ƙawata matakalar bene da sarƙar tsofaffin jaridu da yankakken lemo busasshe, sannan kowace ƙofa ta samu kwalba guda. Sharaɗinta ɗaya ne: in hutu ya wuce, a dawo mata da kwalbarta. Nan ne daɗin yake a wurinta. Za ta zauna kusa da taga tana juya su ɗaya bayan ɗaya, tana duba baƙin hayaƙin da ke bakin kowace. Ta ce malamar makaranta tana kashe nata da wuri, tsoron gobara ya yi mata yawa. Ta ce tela kuwa har ƙasa yake ƙonewa, kuma ƙazamin banza bai taɓa ɗauraye kwalba ba. Tana zaginsa tana murmushi.

Shekara uku ke nan da hannunta ya fara rawa. Likita ya faɗa mana ba ɓoye-ɓoye cewa ba zai daina ba, sai dai ya ƙaru. Ta koma shan shayi da hannu biyu, amma ba ta fasa kyandir ba.

Bara, bayan hutu, tela ya tare ni a matakala yana sosa ƙeya. Ashe lagwanin kwalbarsa ya karkace ya jingina da gilashi, wuta ta gasa gefe guda har kwalbar ta tsage, kaki mai zafi ya malale a kan yadin da aka kawo masa ɗinki. Wata kwalbar ya nemo ya ƙona guntun kyandir a ciki ya mayar mata, don kada ta gane. Ya ce malama ma tata ta tsage, da ta mai gadi. Sun haɗa baki ne ya roƙe ni, bana kada a kawo, kuma don Allah kada tsohuwa ta ji. Raina ya ɓaci sosai, har na so in tuna masa cewa Inna ce ta yi jinyar matarsa lokacin da ta kwanta. Amma gaskiya ce da shi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Na yi shekara guda ina neman bakin da zan faɗa mata, ban samu ba. Da lokaci ya zo na kawo mata tsinke na ce ko za ta gwada gitta shi, ta hutar da hannunta. Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce ita ba ta mutu ba tukuna. Mako uku ta yi tana aikin da a da take gamawa cikin kwana biyu. Ina tsaye a ƙofar kicin ina kallon zaren yana karkarwa tsakanin yatsunta, tana cije leɓe, kaki yana daskarewa da shi a karkace. Goma sha huɗu cif, babu guda mai lagwani a tsakiya.

Gwiwoyinta ba sa hawa bene yanzu, don haka ni ta ba kwandon kwalaben in raba wa maƙwabta. Na fita da shi, na tsaya a matakala na ɗan lokaci, sannan na sauka na shiga mota na kai shi gidan yaya. Da na dawo na zauna na shirya mata ƙarya tiryan-tiryan. Tela yana godiya. Malama ta ce ƙamshin bana ya fi na kullum. Inna ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta ce ai ta ƙara ɓawon lemo ne, daman ta san malama za ta lura. Ranar ta ci abinci fiye da yadda ta saba. Ni kuwa na tsani kaina.

Hutu ya wuce, ta fara cigiyar kwalabenta. Na koma gidan yaya na narkar da kakin duka, na tuttular a kwata, na wanke kwalaben da sabulu da ruwan zafi har suna ƙyalli. Wallahi har ina yaba wa kaina dabara.

Ta sa na jera mata su a gaban taga kamar kullum. Ta ɗauki ta farko ta zagaya bakinta da yatsa, ta duba yatsan. Ta ɗauki ta biyu. Ba ta tsallake ko ɗaya ba, har ta sha huɗu. Na yi sauri na ce bana maƙwabta sun kyauta, kowa ya wanke tasa.

"Har tela?" ta ce.

Ta ajiye kwalbar, ta kalle ni.

"Ko ɗaya ba a kunna ba, ko?"

Sai na faɗa mata komai, da yadin tela, da kwalbar malama, da roƙon da aka yi mini. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta ce Allah ya ba tela haƙuri, ita ba ta sani ba. Can ta tambaye ni inda kakin yake. Da na ce na zubar, ta rufe ido kamar na mare ta.

Ta miƙe da kyar, ta tattara kwalaben a haɓar zaninta, ta nufi kwandon shara suna ta karo da juna saboda rawar hannunta. Na miƙa hannu in taya ta.

"Bar shi, 'yar nan," ta ce. "Wannan dai zan iya."

Yanzu kicin ɗinmu tsaf yake. Babu leda a igiya, shukokin gwangwani sun bushe an fitar da su, yaya ya zo ya ce wuri ya yi kyau. Jiya da safe malama ta ƙwanƙwasa da ƙullin guntayen kyandir, ta ce sabo ne ya sa ta tara. Inna ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta sa mata albarka. Da aka rufe ƙofa ta miƙo mini ƙullin ta ce in zan fita in haɗa da shara.