Jan Fenti a Jikin Mangwaron Romi

Mun tashi ranar Asabar da ƙarfe shida saura kwata, a farkon damina, shekara ta biyu da komawar sojoji bariki. Mu huɗu ne cikin tsohuwar a-kori-kura: jami'in gandun daji da kowa ke ce wa Oga, ma'aikaciyarsa mai riƙe da tef ɗin awo, direba, sai ni. An gayyace ni ne saboda na daɗe ina karanta labarai a rediyo, ana ganin zan iya yi wa jama'a bayani. Aikin shi ne a ƙirga kowace bishiya ta kudancin garin Kaduna, a auna kaurinta da faɗin inuwarta, don a san zafin da take rage wa gari da ruwan saman da take tarewa.

Da muka tsallaka kogi, ruwansa ya fara yin ja. Titin Barnawa ba laifi. Daga nan zuwa Romi kuwa, direba ya ce ramukan sun ga gwamnoni da yawa, ba wanda ya razana su. Mun karya da ƙosai da kunu wurin wata 'yar Filato, ƙosanta ya ninka na unguwarmu girma, kuɗin kuma ɗaya.

A Romi muka fara. Sai a zagaya gindin bishiya da tef daidai ƙirji, a rubuta sunanta da awonta, Oga ya shafa mata jan fenti don kada a ƙirga ta sau biyu. Mangwaro ya fi yawa, sai darbejiya da gwaiba. Mutane suna gaishe mu, suna kallon fentin, ba wanda ya yi tambaya. Na ɗauka sun gane, shi ya sa ban ce komai ba.

Wajen azahar muka biyo ta layin da muka fara, za mu ci abinci, sai muka ji ƙarar injin yanka katako. Darbejiya biyu da muka auna da safe suna kwance a ƙasa. A gida na gaba, mai injin ya riga ya sauke reshe ɗaya na wani babban mangwaro, wata dattijuwa tana tsaye ta rungume hannu.

Oga ya diro daga mota. "Mama, me ya yi zafi?"

"Ku za ku tambaye ni? Ba ku kuka sa ja ba?" in ji ta. "Maigidana ya shuka shi shekarar da ya samu aiki a masaƙa. Da gwamnati ta sare ta kwashe, gara in sare da kaina, ko benci a yi wa coci."

Na gyara murya irin ta labaran ƙarfe bakwai, na yi mata bayanin inuwa da zaizayar ƙasa. Ta saurara har na gama.

"Malam, muryarka da daɗi. Waɗanda suka sa wa shagon ƙanena ja su ma awo suka ce suna yi. Sati biyu katafila ta zo."

Mai injin ya ce, "Oga, ku yanke shawara, mai na ƙonewa."

Mama ta ce sharaɗinta ɗaya: wanda ya shafa, shi zai goge. Oga ya karɓi wuƙarta ta girki, ya tsaya cikin rana yana kankare fentin a hankali don kada ya ji wa ɓawon ciwo, maƙwabta suna nuna masa inda ya rage. Da ya gama, ta shafa wurin da tafin hannu, ta sallami mai injin, ta zuba mana faten acca. Sauran yinin a kankara ya ƙare, gida gida.

Mun kamo hanyar komawa bayan la'asar. A hanya na fahimci cewa a garin da ya saba da rusau, jan fenti ya riga mu yin magana, kuma shirun jama'a ba yarda ba ce. Daga ranar aka koma amfani da alli, ba a kuma shiga layi sai an sanar a coci da masallaci. Mangwaron Mama ya shiga rajista da reshe ɗaya a yanke, darbejiyoyin biyu kuwa an soke su daga lissafi.